Zuciyar Kambai a Bangon Silima

"Wai zuciyar mutum ce a cikin gwangwanin nan?" Zubair ya tambaya, yana jujjuya shi a hannu.

"Tawa ce," in ji Kambai. "Ka riƙe da kyau, ba irin finafinanka na Indiya ba ne."

"Ai gara nawa, malam, ko ba komai ana rawa a ciki."

Hellen, wadda Kambai zai aura, ba ta yi dariya ba. Tana tsaye a bakin ƙofar ɗan ɗakin da Zubair ke kunna injin silima, kusa da Dakta Wilfred na asibitin gari.

Kambai malami ne a kwalejin Gidan Waya. Bara ya je Turai ƙaro ilimi, ciwon ƙirji ya durƙusar da shi a kan matakala. Likitocin can suka zura siririn bututu ta jijiyar cinyarsa har zuciya, suka tura wani ruwa mai fitowa a hoto, suka ɗauki fim. Har sun sa ranar da za su buɗe jijiyar da ta toshe da ɗan balan-balan, sai waya ta zo cewa babansa ya rasu. A ƙauyensu ba a rufe kabari sai ɗan fari ya zuba ƙasa da hannunsa. Ya dawo da gwangwanin fim ɗin a jaka, ya zuba ƙasar. Da ya nemi biza ta komawa, aka hana shi.

Kawu Sambo, wanda ya riƙi Hellen tun tana ƙarama, ya ce babu maganar aure sai likita ya tabbatar masa mutumin zai warke. Dakta Wilfred kuma ya ce ba zai buɗe baki ba sai ya ga fim, asibiti kuwa ba ta da injin kallonsa. Abin da ya kawo su wurin Zubair da tsakar rana ke nan. Zubair tare ya yi firamare da Kambai, amma tun rikicin addini na shekarar tamanin da bakwai gaisuwarsu ba ta wuce ɗaga hannu daga nesa.

Zubair ya toshe taga da buhu, ya juya injin ya fuskanci bango. Haske ya faɗa a kan farar ƙasar da aka shafe bangon da ita.

Da farko toka-toka kawai. Sai wani baƙin abu ya malala, ya rarrabu kamar saiwar rogo, yana harbawa, yana harbawa. Hellen ta dafe bakinta. Sau nawa mutumin nan ya ce mata, "Kina cikin zuciyata"? Ga zuciyar yau a bango, girmanta ya kai ƙofa, tana ta faman aikinta ita kaɗai, babu mai taya ta. Ta ji kamar ta je ta rungume bangon.

"Tsaya nan!" in ji Dakta.

"In na tsayar, fitila za ta ƙone shi, likita. Sai dai in maimaita."

Ya maimaita. Dakta ya matsa har inuwar kansa ta shiga hoton, ya nuna inda babbar saiwa ta tsuke ta koma kamar zare.

"Ga ta. Wuri ɗaya ne tak, kuma irin wanda balan-balan ke buɗewa. Aikin ma bai kai wa'azin fastonmu tsawo ba."

"To, a yi mana!" Hellen ta ce. "A ina ake yi? Jos? Kaduna? Ko Legas ne, za mu je."

Dakta ya cire tabarau. "'Yar'uwa, ni dai ban san inda ake yin sa a ƙasar nan ba. A mujalla nake karanta shi."

"Me za ka gaya wa Kawu?"

"Abin da na gani. Zai iya kai shekaru da magani. Zai iya faɗuwa gobe a gaban allo."

Fim ya ƙare, wutsiyarsa tana dukan injin, fat-fat-fat. Zubair ya kashe, ya naɗe shi a hankali, ya miƙa wa Kambai da hannu biyu. "Allah ya ba ka lafiya, ɗan ajinmu."

Kambai ya yi wata 'yar dariya marar daɗi. "Na je na rufe kabari ɗaya, ashe nawa na haƙa a gefe." Ya juya ga Hellen, bai iya kallon idonta ba. "Kawunki yana da gaskiya. Na yafe miki alkawarin. Ki je abinki."

"Ka yafe mini?" in ji Hellen. "Da ka baro asibitin ba ka tambaye ni ba. Yanzu ma za ka yanke, ba ka tambaye ni ba?"

Ta fizge gwangwanin daga hannunsa, ta manna shi a ƙirjinta. Da ɗuminsa har yanzu.

"Dakta, ka gaya wa Kawu duk abin da ka gani, kada ka rage komai. Ni kuma daga nan gidan fasto zan wuce. Ran Lahadi za a yi shelar aurenmu a coci. In gwauruwa zan zama, gwauruwar Kambai zan zama."