Tsibirin Madam Obiageli

Tun ranar da Obiageli ta je ganin sabon gidan ƙawarta Ujunwa, ta dawo Sabon Gari ba ta da zance sai na wani tebur da ta gani an kafa a tsakiyar kicin. Samansa dutse ne mai sulɓi, ƙasansa durowoyi. Ujunwa ta ce sunansa tsibiri, ta kuma faɗa kamar a kansa aka yanke mata cibiya, alhali shekara goma suka yi tare suna auna garin rogo a rumfa ɗaya.

Mijinta Sylvester, mai sayar da kayan gyaran mota, ya ce, "Maman Chinedu, kicin ɗin da in kin shiga sai na fito?"

Ta ce shi dai ya tsaya kan ƙarafunansa.

Washegari ta kira Malam Raji, wani tsohon kafinta na Fagge. Ya kalli hoton tsibirin a wayarta, ya ja tef ɗinsa daga bango zuwa bango, ya sake ja.

Ya ce, "Madam, faɗin nan ƙafa bakwai ne. Kabad ya cinye biyu. In na kafa mai ƙafa uku, ƙafa ɗai-ɗai ce za ta rage miki kowane gefe. Bari in yi miki ƙarami mai taya, ki gama aiki ki tura shi gefe."

"Mai taya? Rake aka ce maka zan sayar?"

Ya ƙara mata bayani, ta ce matsalar kafintocin Fagge ke nan, ba su waye ba, daga benci sai akwatin gawa. Malam Raji ya naɗe tef ɗinsa. Ya yi mata daidai abin da ta nema, ko inci bai rage ba. A cikin kicin ɗin ya haɗa shi, don ƙofa ba za ta ɗauka ba.

Abin ya yi kyau, ba ƙarya. Sai dai firij ya daina buɗuwa sai ɗan abin da hannu zai zura. Ita kuwa Obiageli sai ta karkace, ta haɗiye ciki, sannan ta kai ga murhun gas. Ta gaya wa kanta haka manya ke yi, sabo ne kawai.

Ranar Lahadi bayan an tashi daga coci, ta gayyato matan ƙungiyarsu su takwas, har da Ujunwa. Suka yi cirko-cirko a bakin ƙofa suna yabawa, ita tana ta murmushi tana satar kallon Ujunwa.

Ujunwa ta ce, "Bari in duba durowoyin, a nan ake gane aiki."

Mace ce mai jiki, ga leshi ya sha sitaci. Ta kutsa tsakanin tsibirin da kabad, ta yi taku biyu, ta tsaya cak. Gaba ya ƙi, baya ya ƙi. Mata biyu suka ja hannunta, leshin ya ce ƙeet. Wata ta kawo shawarar a shafa man gyaɗa, Ujunwa ta rantse duk wadda ta taɓa ta da mai sai sun haɗu a kotu.

Dole aka kira Malam Raji. Ya iso a adaidaita sahu, ya gaishe da kowa ɗaya bayan ɗaya, har da wadda ta maƙale, ya tambaye ta mutanen gida. Sannan ya kwance ƙofofin kabad ɗin a tsanake. Ujunwa ta fito tana haɗa gumi, ta ɗauki jakarta, ko shinkafar da aka dafa musu ba ta taɓa ba.

Sylvester ya ce a cire abin nan. Obiageli ta ce tsibirinta ba shi da laifi, Ujunwa ce ta saki jiki da ci tun da ta yi gida.

Cikin makon ta fito da tukunyar gas da tukwanenta baranda. A nan take girki yanzu, tsugune kan 'yar kujera, ƙura da hayaƙin janareton maƙwabta na bi ta kanta. Duk wanda ya tambaya, sai ta ce tururin miya na ɓata irin wannan dutsen, wanda bai taɓa mallakarsa ba ba zai sani ba.