Kantocin Hajiya Delu

Karo na uku ke nan Muttaka yana shafa fenti a kan katakon, yana bushewa sai ya kumbure ya ɓare. Gam ma ya ƙi kamawa. Ga wani farin gari kamar kanwa da ke fitowa a jikinsa duk sanda hadari ya haɗu.

Katakon na Hajiya Delu ne, fallayen kamfani da aka shafa wa maganin hana cin wuta. Bara shagonta na atamfofi a Ƙofar Kwaya ya ƙone ƙurmus, shi ya sa ta aika Kano aka sayo shi, ta ba Muttaka ya haɗa mata kantoci.

Shekara ashirin da shida yana kafinta a Ƙofar Durbi, ba a taɓa dawo masa da aiki ba, kuma mutum ne mai ji da wannan. Ransa ya ɓaci. Ya ɗebo ruwa da omo ya wanke fallayen tas, ya shanya, ya bi su da samfefa har suka yi sumul. Fenti kuwa ya kwanta luf.

Da la'asar, bayan ya kafa kantocin, ya tara guntayen katakon a bayan sabon shagon Hajiya ya kunna musu ashana. Wanda bai wanke ba ya yi baƙi kawai, wutar ta mutu a kansa. Wanda ya goge ya kama nan take, har da ƙara. Muttaka ya tsuguna yana kallo. Ashe farin garin nan shi ne maganin.

Yana nan ya ji sallamar Hajiya. Bayan sun gaisa ta bi kantocin tana shafawa.

"Kai, Malam Muttaka! Su Sada kafinta sai cewa suke wannan katako ba ya ɗaukar hwenti. Na ce ba ku san hannun mutumin ba."

"Hajiya, akwai wata magana..."

"Mi kuma? Aiki ya yi. Gobe za a shigo da kaya." Ta zauna a kan benci, idanunta suka ciko. "Tun ranar gobarar nan ban yi barcin kirki ba. Yau kam zan yi. Allah shi yi maka albarka."

Ya dubi kantocin, suna ta sheƙi. Kunya da tsoro suka rufe shi.

"Amin, Hajiya," ya ce, ya shiga tattara kayan aikinsa.