Shafi na Huɗu

Firinta na tofo shafi na huɗu ke nan Manaja ya miƙo hannu ta saman kafaɗar Ɗigo ya zare shi da ɗuminsa. Ya duba sama, ya duba ƙasa, ya ninke shi biyu ya ajiye masa a kan tebur.

"Wannan ya tsaya nan," in ji shi. "Shafi uku sun isa. Mutane ba sa son dogon karatu."

Ɗigo shi ne mai lissafin ofishin, wani ofishin dillalan hannun jari mai ɗaki uku a saman shagon tayoyi. Sunan ya samo shi ne tun shekararsa ta farko, ranar da ya hana kowa tashi saboda wani ɗigo da ya zauna ba a mazauninsa ba. Shekara goma ke nan yana kan kujera ɗaya, ƙarƙashin fanka ɗaya mai kukan tsohuwar ƙofa, kuma ba a taɓa kama shi da kuskure ba. Abin da ba a taɓa kama shi da shi ba kuma shi ne musu da na sama.

Rahoton na wani kamfanin mai ne da hannun jarinsa ya tashi bana har kowane ɗaya ya kai naira ɗari biyu da arba'in. Shafuka ukun farko gwanin ban sha'awa, ga hoton matatar mai, ga zane mai hawa sama kamar matakalar bene, ga babban rubutu cewa cinikin kamfanin ya ninka sau shida a shekara goma. Babu ƙarya a ciki. Shafi na huɗu ne mai rashin kunya. A nan Ɗigo ya mayar da cinikin kowace shekara zuwa darajar kuɗin yau, ya raba shi da yawan hannayen jarin shekarar. Farashin kaya ya ninka sau uku, don haka shidan nan ta koma biyu. Kamfanin ya yi ta buga sababbin hannayen jari har suka ninka, biyun ta koma ɗaya. Wato inda aka tashi nan aka dawo, shi ma don mai ya yi tsada bana ne. Da ya haɗa shekaru goman, masu kyau da marasa kyau, sai ya ga kowane hannun jari cinikin naira tamanin yake kawowa a shekara, kuma a da kusan haka ake sayar da shi. Mai saye yau zai biya kuɗin buhu uku ya tafi da ɗaya.

"Ranka ya daɗe, shafin nan shi ne rahoton," in ji Ɗigo, muryarsa ƙasa-ƙasa. "Sauran ado ne."

"To ado muke sayarwa." Manaja ya zauna a gefen teburin, abin da yake yi in zai nuna shi mutumin mutane ne. "Ka san muna da babban mutum da ke son sauke hannayen jarinsa na kamfanin nan gaba ɗaya. In babu masu saye babu kamasho, in babu kamasho ban san da me zan biya ka ba. A bar kaza cikin gashinta."

Sai ya zaro ambulan daga aljihun kwat ya ɗora a kan shafin da ya ninke.

"Ƙarin albashi ne, kashi goma cikin ɗari, daga ƙarshen wata. Ashe kana da suruki mai nauyi haka ka ɓoye mana? Ƙarfe biyu zai zo ya sa hannu. Kai za ka yi masa bayani, ya fi yarda da kai."

Nan ne ciwon yake. Ranar Litinin Baba, mahaifin matar Ɗigo, ya hawo benen nan cikin kayansa na fita kunya, ba tare da ya gaya wa kowa ba, ya ce yana son ya zuba kuɗin sallamarsa gaba ɗaya a kamfanin mai. Shekara talatin da biyar ya yi a gidan waya yana buga hatimi kafin ya ga kuɗin nan. Mutum ne da bai taɓa ɗaga wa Ɗigo murya ba, wanda ya ba shi 'yarsa lokacin da ba shi da komai sai wando biyu da kalkuleta. Da Ɗigo ya koma gida ranar ya fara yi wa matarsa bayanin hauhawar farashi, sai ta ci gaba da guga abinta. "Baba ba yaro ba ne," ta ce. "Kai dai ka yi aikinka ka yi shiru." Sanyin da ta faɗi maganar da shi ya ba shi mamaki, don mace ce da ke iya komawa kasuwa a kan canjin da bai kai kuɗin mota ba.

Yau da tsakar rana Ɗigo ya sauka ya zauna a bencin mai tayoyi, da ambulan a hannu ɗaya, shafi na huɗu a ɗaya. Tsoro yake ji, kuma ya san tsoro ne. Yara huɗu, kuɗin makaranta, haya. Ya gaya wa kansa cewa babu wanda ya ce ya yi ƙarya, shiru kawai aka nema, shiru kuwa ya iya shi tun yana yaro. Watakila ma mai ya ƙara tsada Baba ya ci riba. Watakila.

Amma hannun mai lissafi ba ya zama haka nan. Ya juya bayan shafin, ya zaro biro, ya fara yi wa kansa abin da ya yi wa kamfanin. Albashinsa ya ninka biyu a shekara goma, da ƙarin yau ya zama biyu da ɗigo biyu. Ya raba da uku saboda tsadar kaya. Ranar da ya kama aiki shi da amaryarsa ne kawai, yau bakuna shida ke buɗewa a gidan, shi ma ya buga nasa sababbin hannayen jarin. Ya sake rabawa da uku. Ya duba amsar, ya sake lissafin daga farko, don ba ya yarda da amsar farko ko da tasa ce. Ashirin da huɗu da ɗigo huɗu cikin ɗari. Abin da kowane mutum a gidansa yake samu daga kujerar nan bai kai rubu'in na ranar farko ba.

"Malam, lafiya kake dariya kai kaɗai?" in ji mai tayoyi.

"Wani kamfani na gano wanda ya fi na mai lalacewa," in ji Ɗigo. "Kuma shekara goma ina riƙe da shi."

Ƙarfe biyu saura kwata Baba ya iso. Aka shigar da shi ɗakin Manaja, ɗaki ɗaya tak mai na'urar sanyaya iska, aka kawo masa lemo da kofin gilashi da ba a fito da shi sai baƙo ya cika baƙo. Manaja ya shimfiɗa takardu, ya cire murfin biro da kansa. Baba ya shiga laluben aljihu, na dama, na hagu, na ƙirji.

"Af, kun ga tsufa," ya ce. "Na baro tabarau a gida."

"Ba komai, Baba, ga ɗanku nan zai karanta muku," in ji Manaja.

Ɗigo ya tsugunna ya gaishe shi, sannan ya zauna a bakin kujera. Ya karanta shafi na ɗaya. Ya karanta na biyu da na uku, Manaja na gyaɗa kai kamar mai jin waƙar da ya fi so. Daga nan ya sa hannu a aljihu ya fito da takardar da aka ninke, ya warware ta a kan tebur, ya goge lanƙwasar da gefen hannunsa.

"Baba, akwai saura ɗaya."

"Ɗigo," in ji Manaja.

"Baba, kun tuna lokacin da albashinku yake ƙaruwa amma cefane yana raguwa? To haka kamfanin nan yake. Kuɗin da yake ƙirgawa sun yi yawa, abin da suke saya bai ƙaru ba, masu rabon kuma sun ninka. Abin tamanin ne za a sayar muku ɗari biyu da arba'in. In mai ya sauko, kuma yakan sauko, kashi biyu cikin uku na kuɗinku za su iya tafiya. Kada ku sa hannu."

Baba ya dube shi da wani irin kallo, ba na godiya ba, ba na fushi ba, kallon mutumin da ya ga mota za ta faɗa rami ba shi da bakin tsayar da ita. Ya ɗan ɗaga hannu, ya mayar.

Manaja ya rufe bironsa a hankali. Ya raka Baba har bakin bene da fara'a, yana cewa ƙofa a buɗe take kullum. Da ya dawo bai yi faɗa ba. Ya miƙa hannu aka ba shi ambulan ɗinsa, sannan ya ce akawu zai lissafa kwanakin watan, makullin durowa kuma a bar shi a kan tebur. Kayan shekara goma ba su cika leda ɗaya ba: kofi, kalkuleta, tabarmar salla, da hoton yara.

Ɗigo ya tarar da Baba a tashar bas yana jiransa. Suka samu kujerar baya. Bas ta wuce gidan mai guda biyu, kowanne da layin motoci har titi. Ɗigo yana jin wani abu mai kama da sauƙi a ƙirjinsa. Ya rasa aiki, amma ya tsare gumin dattijo, kuma karon farko a rayuwarsa ya faɗi amsa da ƙarfi a gaban wanda ba ya son jin ta.

"Wannan ledar fa?" in ji Baba.

"Kayana ne, Baba. Ba komai. Tunda kuɗinku sun tsira."

Baba ya yi gyaran murya. Ya kalli taga, ya kalli tafin hannunsa.

"Ɗan nan, wane kuɗi?"

"Na sallama."

"Ai wata takwas ke nan da na yi wa gida rufi da su. Abin da ya rage na sayi injin niƙa, yana can yana aiki. Kai ma ka zo ka ga rufin, har ka ce ya yi kyau." Ya sa hannu a aljihun wando ya fito da tabarau, ya goge shi da bakin riga, ya saka. "Matarka ce ta zo ta same ni. Ta ce shekara uku ba a ƙara maka ko sisi ba, wai don ba ka kawo masu kuɗi. Ta ce in sa kaya masu kyau in je in nuna kamar zan saya, in aka zo sa hannu in ce na manta tabarau, zan tafi da takardu gida. Kafin su gane, an riga an yi maka ƙarin."

Ɗigo ya dubi ledar da ke kan cinyarsa.

"Ni zan sayi kifi a ruwa?" in ji Baba. "Shekara talatin da biyar ina karɓar albashi, wa zai koya mini cewa kuɗi na kumbura suna raguwa? Amma bayanin naka ya yi kyau, wallahi. Ban taɓa jin an faɗe shi sarai haka ba. Na ɗaga maka hannu ka tsaya, ba ka gani ba."

Saura tasha biyu a kai unguwarsu Baba ya ƙwanƙwasa jikin mota ya ce shi a nan zai sauka, yana da wanda zai gani. Da ma ya ce zai biya ya duba jikoki. Ya dafa kafaɗar Ɗigo, ya daɗe bai ɗauke hannun ba, sannan ya sauka da saurin da bai dace da shekarunsa ba.

Tun daga ƙofar gida Ɗigo ya ji ƙamshin nama, ranar Alhamis, tsakiyar wata. Yara suna tsakar gida an yi musu wanka da wuri. Matarsa ta fito daga kicin da ludayi a hannu, fuskarta cike da dariyar wanda ya shirya abu ya san ya yi daidai. Ya dube ta, ya nemi fushin da ya taho da shi daga bas, ya rasa. Tausayinta ya ji, da nasa.

"Abban yara, sannu da zuwa. To, yaya? Nawa aka ƙara?"

Sai idonta ya sauka a kan ledar, kan kofin da ya leƙo, da gefen hoton yara. Ludayin ya yi ƙasa a hankali.

Ɗigo ya zauna a kan dakali ya cire takalmi. Ya zaro shafi na huɗu, ya juya bayansa inda ya yi lissafin kansa, ya miƙa mata.

"Zauna ki gani," ya ce. "In aka cire hauhawar farashi, ba wani abu mai yawa muka rasa ba."