Gwiwar Ɗanbala

Ni na ɗauko Ɗanbala daga Dingaya, don haka duk mai neman wanda zai zaga a kan wannan magana, ya fara da ni.

Malamin motsa jiki ne ni a wata sakandare a Birnin Kudu, na kuma ɗan taɓa kokawar zamani, irin ta katifa da alƙali da usur, wadda ƙasashe suka fi shekara ɗari suna karawa a kanta. Ranar da na ga Ɗanbala a dandali bayan kaka ya ɗaga wani ƙato daga Kangire kamar damin dawa, sai zuciyata ta ce wannan ya fi ƙarfin ƙauye. Shekara tara yana kokawa ba a taɓa kai shi ƙasa ba. Dokar dandalinsu kuwa ɗaya ce: gwiwa ko hannu ya taɓa ƙasa, ka sha kaye, ka kakkaɓe jikinka ka fita.

A shekarar za a tantance 'yan kokawar da za a kai gasar Afirka. Gurbi ɗaya ne a ajin nauyinsa, shi kuma ya doshi talatin. In ya rasa wannan, babu wata.

Wata uku ina koya masa lissafin maki. Na gaya masa, har bakina ya gaji, cewa a can gwiwa a ƙasa ba kaye ba ne, sai an danne kafaɗunka biyu, ko an ba ka ratar maki goma, ko lokaci ya cika. Ya ce ya ji. Amma duk ranar da na ce ya durƙusa mu gwada kamun ƙasa, sai ya yi dariya.

"Haba Malam Zulkifli, ni ko Baba sai da sallah nake durƙusa masa."

Yaran da nake da su kuma babu mai iya tanƙwara shi. Ni ma, sakarai, sai na ƙyale. Na ce wa zai kai wannan bijimin ƙasa?

Muka tafi kudancin ƙasar nan, wurin tantancewar. Ya share mutum uku kamar wasa. A karon ƙarshe, da wani siririn yaro mai suna Manu, Ɗanbala na da maki takwas, Manu ko ɗaya. Saura maki biyu a tsayar da wasan a ɗaga hannunsa. Har na fara tunanin inda za mu yi hoton fasfo.

Sai Manu ya sunkuya ya cafki idon sawunsa. Gwiwar Ɗanbala ta hagu ta dangwali katifa. Dangwala kawai, ko maki ba a ba Manu ba.

Ɗanbala ya saki yaron. Ya miƙe, ya shafa masa kai, ya juya ya taka ya fita daga da'irar katifar.

"Koma!" na daka masa tsawa. "Ɗanbala, don Allah koma, kai ke ci!"

Alƙali ya busa usur, ya yafito shi, ya sake yafito shi. Ɗanbala na tsaye yana kwance igiyar takalmi. Na riƙe masa hannu ina roƙonsa kamar mai roƙon ruwa. Ya dube ni da jajayen idanu.

"Malam, ta taɓa. In koma in kama yaron da ya kayar da ni? A ce me?"

Aka ɗaga hannun Manu, shi kansa yana waige-waige. Wallahi ban taɓa jin takaici irin na ranar ba, kuma har yau ban san wanda na fi jin haushi ba, shi ko ni.

A mota na lallashe shi. Na ce babu ɗan Dingaya ko ɗaya a zauren nan. Mu ce dokar Turawa ce ta cuce shi, sunansa na nan daram a dandali, ya koma abinsa. 

Da muka sauka a Dingaya, bai ko shiga gida ba. Kai tsaye ya nufi ƙofar Yunusa makaɗi, wanda ya shekara tara yana masa kirarin wanda gwiwarsa ba ta san ƙasa ba. Yunusa ya taso da murna yana laluben gangarsa.

"Ajiye ta, Baba Yunusa," in ji Ɗanbala. "Kirarin nan, ka nema masa wani."