Sunan da Za a Sa a Ƙarƙashin Hoton

...kuma wai in yi murmushi. In bar juyawa, in ɗago kai, in yi murmushi. Ruwan giginya yana tafasa, kumfa ta kawo bakin kasko, doguwar Baturiyar nan ta tsuguna a gabana da abin ɗaukar hoto a ido, wai in tsaya cak. Wa ya taɓa tsayawa cak a kan kaskon mazarƙwaila, Borey? Kai ka sani. Ka ɗauke ido sau ɗaya, aikin yini ya ƙone.

Amma na tsaya. Ga ni a tsaye, muciya a hannu.

Marit sunanta. Sai da Mealea ta maimaita min sau uku. Mealea ta ofishin masu ba da rance, mai zuwa a babur duk wata, ba ka san ta ba, bayan tafiyarka ta fara zuwa ƙauyen nan. Su suka ba ni kuɗin wannan kasko da murhun. Ita kuwa Baturiyar, wai daga wata ƙasa mai sanyi ta taso ta zo taya su aiki, ko riyel ɗaya ba a biyanta. Ta baro uwarta, ta zo tana shan ranar watan huɗu, hancinta ya yi ja har yana saɓa — a kyauta! Akwai masu ƙarfin hali a duniya. Ko marasa aikin yi, ban sani ba.

Makon jiya Mealea ta yi min bayani. Za a ɗauke ni hoto, a sa a intanet da ɗan labarina, mutanen ƙasashen waje su gani, su san wadda kuɗinsu ya je wa. Na ce wa zai gani? Ta ce kowa, Ming — wato inna, haka take kirana — duk mai waya. Na ce har Thailand? Ta yi dariya, ta ce har can. Ban ce har cikin teku ba. Bakina ya ɗauko, na haɗiye.

Shi ya sa yau na yafa gyalen nan mai ja da fari, wanda ka saya min a kasuwar Kampong Speu da kuɗin mazarƙwailarka ta farko. Ya koɗe, amma za ka gane shi... za ka gane shi, ko? Na share tsakar gida har sau biyu. Baturiyar ta so in juya wajen rana, na ƙi, na tsaya daidai inda giginyar bayan gida za ta fito a bayana, da tsanin gorar da ka ɗaure mata. Mijin 'yar'uwarka Kunthea ke hawa yanzu. Ɗari-ɗari yake hawa, yana sauka yana nishi, rabin ruwan a rigarsa. Kai kuwa da gudu, tuluna goma na gora a ƙugu, kana waƙa a sama kamar ba a nan ubanka ya —

Ƙarar ba ta da yawa. Tim. Na ɗauka 'ya'yan giginya ne suka faɗo, ban ma waiwaya ba, ina juya kasko. Sai da kare ya fara haushi.

Ni na ce ka tafi. Wannan ne abin da nake taunawa shekara biyar. Mutumin nan mai agogon zinariya ya zo yana neman samari, aikin jirgin kamun kifi, abinci kyauta, wata shida a dawo. Wasu iyayen suka ɓoye 'ya'yansu. Ni na kamo hannunka na kai ka. Na ce giginya ta ci min miji, ba za ta ci min ɗa ba. Ka ce, "Mae, ba komai a sama sai iska." Na ce to je ka inda ba faɗuwa. Inda ba faɗuwa... ji min maganar banza. Ni da ban taɓa ganin teku ba.

Ƙyas. Ƙyas. Baturiyar tana ta danna abin hoton. Kumfa ta fara sauka, ƙamshin ya canja, ina ji a hancina. Saura kaɗan.

Sau ɗaya ka kira. A wayar mai shago, na zo da gudu ba takalmi. Hayaniya ta cika wajen da kake, injina, mutane suna ihu da yaren da ban sani ba. Ka ce kana lafiya. Ka ce jirgin zai yi nisa wannan karon. Ka tambaya ko kare ya warke. Kare! Ni kuma na ɓata lokacin ina yi maka faɗa a kan kada ka sha giya. Layin ya yanke ina tsakiyar faɗa. Da na san shi ke nan...

Ɗazu na sa Mealea ta tambayi Baturiyar, uwarta ba ta kuka? Ta yi dariya, ta ciro waya ta nuna min wata mata mai farin gashi a gaban taga. Wai duk Lahadi suna magana, suna ganin fuskar juna. Duk Lahadi. Na ce madalla. Na ba ta mazarƙwaila mai ɗumi a ganye, ta lashe har yatsu. Ba ta yi min komai ba, yarinyar kirki ce, har gaisuwarmu ta koya, tana haɗa tafin hannu tana karya harshe. Amma na ji kishin tsohuwar nan ta cikin waya har cikin haƙarƙarina. Me ta fi ni?

Sabuwar shekararmu, ta watan huɗun nan, saura kwana tara. Kunthea ta sake tayar da maganar. Za mu je haikali, za a rubuta sunayen waɗanda suka rasu a takarda, malamai su yi addu'a a ƙona, ladan ya isa gare su. Sunan ubanka, sunan uwata, sunan ƙanena. Tana cewa, "Mae, in ya mutu fa? Shekara biyar ba wanda ya aika masa ko loma. Kowa yana samu, shi yana tsaye da yunwa." Na ce in kuma yana da rai fa, in ƙona sunansa da hannuna? Sai ta shiga tsintar shinkafa. 'Yar'uwarka ce, tana son ka, ta nata hanyar. Ni ban iya rubutu ba, Borey. Duk ranar da za a sa ka a takardar nan sai na buɗe baki na faɗa wa mai rubutu. Shi ya sa na daina faɗin sunanka a fili. A ciki kawai. A ciki, yini guda.

An gama, wai. Baturiyar ta miƙo min abin hoton in gani.

Wace ce wannan?

Tsohuwa ce, kumatu sun faɗa, haƙori biyu babu a gefe. Lokacin da ka tafi gashina baƙi ne. Yaushe aka yi haka, ina ina? Ta matsa da yatsa, wani hoton ya fito, na sunkuya a kan kasko, tururi ya rufe min fuska gaba ɗaya, sai hannu da muciya. Shi ta fi so. Tana ta gyaɗa kai, wai ya nuna aiki. Na ce a'a. Na ce wancan, mai fuska, mai tsani a baya. Ta kalli Mealea, ta kalle ni, ta ce to. Ko ba ka gane fuskar ba ai akwai gyale, akwai tsani, akwai sunana a ƙasa. Saroeun, ƙauyen kaza. Saroeun nawa ce ke dafa mazarƙwaila a ƙauyen nan?

Mealea ta ciro takarda da jar tawadar dangwala yatsa. Tana karantawa da sauri, yadda take yi kullum in rana ta yi mata zafi. Na yarda a sa hotona. Na yarda a sa labarina. Ba za a sa sunana na gaskiya ba, ba za a sa sunan ƙauye ba...

Na ce ta koma baya.

"Doka ce, Ming. Don kada wani ya gani ya biyo ki har gida."

Don kada wani ya biyo ni har gida.

Na ji dariya tana taso min, irin wadda ba ta da daɗi. Kasko yana ƙauri a bayana, ina ji, ban juya ba. Baturiyar tana magana a hankali, ta dafa gwiwata, tana tsammanin tsoro ne ya kama ni. Mealea tana fassarawa: kada in damu, ba wanda zai gane ni, ko ɗaya. Wai in zaɓi sunan da nake so a sa. Kowane iri. Wasu suna zaɓar na fure.

Alƙalami yana tsaye a kan takarda. Yana jiran bakina. Haka na yi ta ganinsa a raina, alƙalami a tsaye da mai rubutu yana kallona, sai dai a haikali nake ganinsa, ba a nan ba, ba da rana tsaka a gaban murhu ba. Wannan takardar ba ƙona ta za a yi ba. Wannan tafiya za ta yi.

"Rubuta Mae Borey."

Muryata ce? Ta fito kamar ƙarar ƙofar da aka daɗe ba a buɗe ba. Mealea ta ɗago. Ta san labarin, duk ƙauyen nan wa bai sani ba. Ta ce wannan ai ba suna ba ne, Ming. Na ce shi ne sunana. Uwar Borey. Da shi aka kira ni shekara goma sha tara, har aka daina don kada a ɓata min rai. Ba ta fassara wa Baturiyar ba. Ta sunkuya ta rubuta, na bi hannunta da ido, 'yan ƙugiyoyi ne guda nawa, ashe haka kake a rubuce.

Na dangwala. Sun hau babur, doguwar tana ɗaga min hannu har suka sha kwana.

Mazarƙwailar ta ƙone, ta kama gindin kasko baƙi ƙirin. Kunthea za ta yi magana. Bari ta yi. Na zauna a ƙasa, jan tawada a yatsa, ina goga shi a gyale ba ya fita. Da wane yare ma za su sa shi? Nasu, mana. Kai da ko namu da ƙyar kake haɗawa. Kuma waya a tsakiyar ruwa... wa zai ba ka? Wa zai ce zo ka ga wata tsohuwa?

Kwana tara. Na riga na faɗa sau ɗaya yanzu, bakina ya san hanya. Abin da nake tsoro ke nan, Borey — bai yi wuya ba kamar yadda na zata...