Allura Ta Ƙi Aiki

Ni mai aski ne, kuma gara in faɗa tun da wuri, ban san komai a kan kare ba sai cewa yana cizo. Shekara goma sha tara ina tsaye a kan kawunan mutane da almakashi, ban taɓa zaton wata rana za a gan ni a titi da igiya a hannu, wata 'yar mitsitsiyar karya tana ja na ba. Yayana ne ya jawo mini.

Sana'ar Yaya kamun ɓera. Duk mai sito ko gidan burodi ko gidan kaji da ɓeraye suka addaba, kuma ba ya son zuba guba kusa da abinci, Yaya yake kira. Karyarsa ɗaya ce, fara mai baƙin kunne guda, tsayinta bai kai gwiwata ba. Ya sa mata suna Allura, don babu ramin da ba ta shiga. Wata Asabar da safe ya sunkuya zai ɗaura mata igiya, sai ya kife a tsakar gida. Da aka dawo da shi daga asibiti, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, magana ma ta ɗauke. Idanu suka rage masa, sai hannun hagu.

Kwana shida da dawowarsa matar Yaya ta tare ni a bakin ɗaki, hannunta duk kumfar wanki.

"Mai aski, tsaya mu yi magana. Dogo ya zo jiya, ya ce a ba shi karyar nan."

Dogo mafarauci ne, yana da manyan karnuka huɗu masu dogayen ƙafafu, kuma tun ba yau ba yake yi wa Yaya dariya wai yana yawo da kyanwa a igiya.

Na ce, "Ya yi me da ita? Ai karnukansa loma ɗaya za su yi da ita."

"Wannan kuma shi ya sani. Ni dai ga jinya, ga girki, ga wanki, ga wannan hajiyar a tsakar gida, in kira ta ta yi min kunnen uwar shegu. Shekara biyu ke nan ina kiran ta ba ta ko waiwayowa, raini ne kawai. In akwai mai fita da ita aiki, to. In babu, ran Juma'a ta bar gidan nan."

Ƙofar ɗakin a buɗe take, Yaya yana ji. Na leƙa na ga idonsa ya yi ja, yana ta ɗaga hannun hagun zuwa kansa. Tun da ya dawo yake wannan abin, mun rasa gane kansa. Mun ɗauka hularsa yake so, muka sa masa, ya cire. Muka ce zafi yake ji, muka ajiye ta, ya miƙa hannu a ba shi. Ya sa, ya cire, ya sa, ya cire, yana zare mana ido. Har aski na yi masa ko ƙaiƙayi ne ya dame shi, na gama ya ture madubin. Tausayinsa ya kama ni, haushin kaina kuma ya fi yawa. Ban san lokacin da bakina ya ce ni zan fita da ita ba.

Ban yi tsammanin wahala ba. Na sha ganin Yaya yana aiki. Zai zaunar da ita a bakin ƙofa ya kwance igiya, kuma ko ɓera zai yi rawa a gabanta ba za ta motsa ba sai ya ba ta izini, don a irin wuraren nan akwai motoci masu ja da baya, akwai tarkunan da wasu suka ɗana. Sai ya yi fito, gajere biyu dogo ɗaya, ta ɓace ƙarƙashin buhuna. Fiton nan kuwa tare muka koya tun muna yara. Ni ma na fi shi iyawa.

Ran Laraba na rufe shago na kai ta siton masara da Yaya ya saba zuwa. Wuri ne mai tsawo, rufin kwano, buhuna jere a kan katako har kusa da sama, ƙasa duk kashin ɓera da tsabar da suka ɓarar. Mai siton ya ƙare mini kallo tun daga gyararren kaina har takalmi.

"Kai ne ƙanen? To bismilla. Sun cinye min layi biyu."

Na zaunar da ita, na kwance igiya, na gyara tsayuwa, na saki fito mai daɗi. Allura ta zuba mini ido. Na sake. Ta karkata kai tana kallona. Wani ƙaton ɓera ya fito ya tsallaka ta gabanmu a natse kamar mai zuwa kasuwa. Jikinta ya ɗauki rawa, hancinta yana bin sa, amma idonta ya dawo kaina, gindinta bai bar ƙasa ba. Na yi fito har leɓɓana suka bushe. Na yi tsawa, na tafa hannu, na nuna buhuna da sanda. 'Yan dako suka ajiye kaya suka kewaye mu.

"Ƙoshi ne," in ji ɗaya. "Kare in ya ƙoshi ya zama ma'aikacin ofis."

"Yunwa dai. Dubi cikinta."

"Fiton ne bai yi ba. Na mai gidanta ya fi kauri."

Wannan ta ƙarshen ta ƙona mini rai, amma na haɗiye. Mai sito ya ce in dawo gobe, in kuma jibi ba a ga komai ba zai kira masu feshin guba, shi ma ba don ransa ya so ba.

Kuskuren da na yi shi ne ba da labarin a shago. Shagon aski wuri ne da ba a rasa masani. Direban da nake yi wa gyaran fuska ya ce yanzu komai ya lalace, karnuka, batir, har takalmin roba, babu mai kai shekara. Malamin makaranta ya ce baƙin ciki ne, dabba ma tana da zuciya, in riƙa yi mata hira. Mai facin taya ya ce shi tun da ya ga an fara sayar da ruwa a leda ya daina mamakin komai. Na tambaye shi me ya haɗa wannan da kare, ya ce in yi tunani zan gane. Na yi tunanin har na zarme wa direba gefen gemu, ban gane ba.

Ran Alhamis na yi mata hirar, na hana ta abinci da safe, na kauraro fiton. Ko a jikinta. Muna cikin haka sai ga Dogo da karnukansa biyu, wai ya zo ya nuna mana aiki.

"Matsa, mai aski. Wannan ba sumar kai ba ce."

Ya sake su. Gaskiya suna da gudu, ba zan yi musu ƙarya ba. Amma karnukan daji ne, fili suka sani. Ɓera ya shige ƙarƙashin katako, kare ɗaya ya cusa kai ya maƙale yana kuka, ɗayan ya haye buhuna ya farke biyu da farce. Masara ta zubo kamar an buɗe famfo. Mai sito ya ɗora hannu a ka. Dogo ya ja abinsa yana cewa laifin masu jera kaya ne, ya kuma waiwayo ya ce mini, "Gobe da yamma zan zo in ɗauki kyanwar taku."

Da za mu fita, mai gadin siton, wani dattijo da bai ce uffan ba tun jiya, ya kira ni gefe.

"Ɗana, kai ƙamshin turaren aski kake yi. Ba ta san ka ba. Gobe ka sa kayan ɗan'uwanka."

Ban yarda ba, amma shawarwarin duniya sun ƙare mini. Ran Juma'a da safe na sa rigar aikin Yaya mai warin buhu, ta sauko mini har gwiwa. Matarsa ta ɗauko hular daga gefen filonsa ta miƙo mini tana dariya. Ni kuwa ba na sa hula. Kan mai aski shi ne allon tallarsa, wa zai zauna a kujerar mutumin da ya ɓoye nasa kan? Na dai kifa ta. Da na leƙa in yi sallama, Yaya ya ga hular a kaina, ya yi wani gurnani yana bubbuga katifa da hannu. Na ce, "Yi haƙuri Yaya, aro na yi, zan dawo maka da ita." Ya rufe ido kamar wanda ya gaji da ni.

A sito na zaunar da ita, na kwance igiya. Wannan karon ta miƙe kunnen nan baƙi, ta kafe ni da ido har ba ta ƙiftawa. Na ce yau dai an dace. Na yi fito. Shiru. Na sake. Shiru. A daidai lokacin wani ɗan dako ya saki ƙarfen sikeli a bayanta, ya daki siminti da ƙarar da ta sa kowa ya zabura, tantabarun rufi suka tashi. Allura ko gezau. Na lura da hakan, amma kaina ya riga ya ɗaure, ban san inda zan ajiye shi ba. Mai sito ya ciro waya yana neman lambar masu feshi. Na tuna Dogo, na tuna jan idon Yaya. Gumi ya karyo mini, ga hular nan tana cizon kaina. Na cire ta in sosa.

Kafin farcena ya taɓa kai, ta ɓace.

Sai ƙara muka ji ƙarƙashin katako. Ta fito da ɓera a baki, ta girgiza shi sau ɗaya ta yar, ta koma. Ta fito da wani. 'Yan dako suka hau ihu suna ɗaga buhuna, ita kuma tana shiga tana fita, farin jikinta ya koma ruwan ƙasa. Ni ina tsaye da hula a hannu, baki buɗe, ban san me na yi ba. Da na ga rana tana dukan kaina ta wata ɓular kwano, na mayar da hular. Allura ta hango ni daga ƙarshen layi, ta saki abin da take yi, ta rugo ta zauna a gabana tana haki.

Na cire. Ta tafi. Na sa. Ta dawo.

Na zagaya bayanta na kira sunanta da ƙarfi, sau uku. Kunnen bai motsa ba. Nan na gane. Karyar nan ba ta ji, kuma ba yau ta fara ba. Na tuna duk lokacin da Yaya zai yi fito sai ya cire hula ya sosa ƙeya, har nakan tsokane shi in ce ya zo in duba masa kwarkwata. Ashe fiton namu ne, mu masu kallo, don kada irin su Dogo su gane su ce ta gama yayi. Hular ce tata.

Mai sito ya mayar da waya aljihu ya ce, "Ka ga yau fiton ya fita."

Na ce, "Ƙwarai, ranka ya daɗe." Na sake yin wani mai kauri, na cire hula.

Da muka koma gida na faɗa wa matar Yaya a tsakar gida. Ta tsaya da ludayi a hannu ta daɗe tana kallon karyar.

"Kurma? Shekara biyu ina zagin kurma?" Ta yi dariya, dariyar ta juye ta zama hawaye. "Shi ma da baƙin zurfin ciki, ko ni bai gaya wa ba. In Dogo ya zo ka ce masa ya wuce."

Ba a taɓa barin Allura ta taka ɗakin Yaya ba, amma ranar matarsa da kanta ta ɗage labule. Na zaunar da karyar a bakin ƙofa, na kifa wa Yaya hularsa. Ya dube ni, ya dube ta. A hankali ya ɗaga hannun hagu ya cire. Allura ta shige ƙarƙashin gado, ta zagaya bayan akwati, ta shinshina kwandon magunguna. Ya mayar da hular a karkace, ta fito ta zauna a gabansa. Rabin bakinsa ya yi dariya, ruwa yana bin gefen idonsa zuwa filo.

Kwana da kwanaki muna tsaye a kansa, mu biyu masu lafiyayyun kunnuwa, muna jiran bakinsa ya buɗe, shi kuma yana ta gaya mana da hannu. Kunya ta ishe ni, na ce, "Yaya, ka yafe min askin nan da na yi maka."

Bai ko kalle ni ba. Ya sake cire hular.