Wayar Birki

Auta na kwance a ƙasan sitiyari, filaya a baki, yana laluben wayoyin da kamfani ya ɗaure abinsa tsaf. Motar ta yayarsa ce, ma'aikaciyar jinya. Ta ba shi yana kai wa shaguna kaya da ita, bisa sharaɗi ɗaya: ranar da ya taɓa mata ko da ƙusa, ta karɓe makulli.

Shi ne fa ya je ya sayo amfilifaya, na'urar ƙara sauti, mai girman akwatin lefe, wai sautin motar kamar sauro a kwalba. Mai wayarin ɗin bakin titi ya ce ya kawo a haɗa masa, Auta ya ce ai ya kalli yadda ake yi a bidiyo. Injiniya ke nan. Saura siririyar wayar da ke tada amfilifaya, ya ga wata ja, ya fere ta, ya murɗa, ya naɗe da salatif. Ya taka birki ya tayar da mota, kiɗa ya tashi har gilashi na rawa. Daɗi ya kashe shi.

Sai a hanyar ɗauko Yaya daga asibiti ya gane aikin da ya yi: wayar fitilar birki ya kama. Ya taka, kiɗa. Ya saki, shiru. Ya kashe rediyo, amma duk takawa sai lasifikar bayan motar ta ce dum, kamar an jefa buhu.

Yaya ta shigo a gajiye. Auta, wanda unguwa ta sani da tashin kan mota, ya koma tafiyar hawainiya, yana rage gudu da giya tun daga nesa don kada ya taka birki, har mai kura ya wuce su yana waiwaye. A danja dole ta sa ya taka. Dum. Ya ce ramin titi ne. Yaya ta leƙa, ta ga kwalta sumul.

A ƙofar gida ma dum. Ya zare makulli ya miƙa mata.

"Riƙe abinka, Injiniya," in ji ta. "Tunda ka koyi tuƙi ban taɓa sauka ba tare da na yi salati ba sai yau. Sharaɗi ya canja. Ranar da ka gyara wayar nan, ka kawo min makullina."

Ta ɗauki jakarta ta shige gida.